Ranar da aka daina aiko faifai

Asabar, 30 ga Satumba, 2023. Columbus, jihar Ohio.

Aikin safe gare ni yau, don haka tun da na idar da asuba ban koma ba. Na dama wa yara kunun gyaɗa na zuba a fulas, na ɗauki jakata na fita. Sanyi ya fara leƙowa, irin wanda ke sa mutum tunanin inda ya cusa rigunan sanyin bara.

Dattijon da nake kula da shi a gidansa ya haura tamanin. Bature ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, 'yarsa tana wata jiha. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Na same shi zaune a teburin cin abinci, shayinsa ya huce, ya jera jajayen ambulan biyu a gabansa. Ko amsa gaisuwata bai gama ba ya ce, "Jiya suka rufe." Kamar ban sani ba. Tun 18 ga Afrilu kamfanin Netflix, mai ba da hayar fina-finai ta faifai da ta intanet, ya sanar cewa 29 ga Satumba zai aika faifan DVD na ƙarshe ta gidan waya, bayan shekara 25 yana wannan harka. Tun daga lokacin kusan kullum sai Baba ya yi mitar maganar.

'Yarsa ta saya masa babban talabijin mai intanet, ta biya masa kuɗin kallo, ta rubuta masa yadda ake yi a takarda da manyan baƙaƙe ta manna a bango. Bai yi ba. Hannunsa na rawa, yana son danna sama sai ya danna gefe, kafin ya ankara wani tallan fim ya fara ihu. Faifai kuwa ya san shi: ya buɗe na'ura, ya ɗora, ya danna maɓalli ɗaya. Kuma tsofaffin fina-finan kaboyi marasa launi da yake so, yawancinsu ba a samunsu a ɓangaren intanet ɗin. A ɓangaren faifai akwai lokacin da suke da fim sama da 100,000. Na intanet ɗin bai ko kama ƙafar wannan ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. Kamfanin ya ce duk faifan da ya rage a hannun mutum ya riƙe, ba za a caje shi ko sisi ba, wanda kuma yake son mayarwa za su karɓa har 27 ga Oktoba. Na gaya wa Baba haka, na ce ya ajiye su ya riƙa maimaitawa. Ya girgiza kai ya ce aro aka ba shi. Ya zura kowane faifai cikin farar rigarsa, ya juya ta yadda lambar da ke jiki za ta leƙo ta 'yar tagar ambulan ɗin, ya ɓare takardar gam da farce, abin da ya ɗauke shi lokaci mai tsawo amma ya hana ni taɓawa, ya manne, ya bi bakin da babban yatsa har sau biyu. Sannan ya ce in miƙo masa keken da yake dogarawa. Muka taka a hankali har bakin titi inda akwatin wasiƙunsa yake, ya saka su ciki, ya ɗaga 'yar jar tutar nan da ke gefen akwati, wadda ke nuna wa ma'aikacin gidan waya cewa akwai saƙon tafiya.

Likita ya daɗe yana fama da shi a kan ya riƙa takawa. Ni ma na yi lallashi har na gaji. Wannan tafiya zuwa akwati ita kaɗai yake yi ba tare da an roƙe shi ba, domin yana sa ran ganin ja a ciki. Daga mako mai zuwa ba abin da zai tarar sai takardun talla da na biyan wuta. Na rubuta wa 'yar tasa saƙo a kan haka kafin in tashi.

Da azahar na dawo gida na tarar da tamu ambulan ɗin a kan kujera, ba wanda ya buɗe. Babban ɗana ne ya ɗauko ta, ya yar da ita tare da sauran takardu ya koma kan wayarsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake a da. Kana biyan kuɗin wata, ka zaɓi ko faifai ɗaya kake son ya zauna a hannunka, ko biyu, ko uku. Sai ka shiga shafinsu ka jera fina-finan da kake so bi da bi. Na saman jerin shi za a fara aiko maka. Ambulan ɗin da ta kawo shi ita za ta mayar da shi: ka yage shafin gaba mai ɗauke da adireshinka, sai adireshinsu ya bayyana a ƙasa, kuma an riga an biya kuɗin kan sarki. Da ya isa wurinsu sai su turo na gaba. Babu ranar mayarwa, babu tara. Ka ga dama ka kalla a daren, ka ga dama ya yi wata uku a kan firij, kuɗin watanka dai yana tafiya. Idan fim sabo ne kowa na rububinsa, za ka ga an rubuta a gefensa cewa sai an jira, sai su tsallake shi su aiko na ƙasansa.

Mu abin da ya kai mu ciki fina-finan Indiya ne, ba ɓoye-ɓoye. Lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, Turancin ma sai a hankali, Malam yana fita tun safe. Ganin tsofaffin fina-finan da muka kalla muna yara a jerin nan, da fassarar Turanci a ƙasa, ya ɗebe min kewa ba kaɗan ba. Labarin na riga na sani, don haka rubutun nake bi ina tsintar kalmomi. Daga baya jerin ya zama filin daga. Malam ya shiga da dare ya haura da fina-finan tarihin yaƙi sama, ni in shiga da safe in dawo da nawa. Da yara suka yi wayo suka shigo da katun. A ƙarshe dole aka yi sulhu, aka koma karɓa-karɓa, kuma duk wanda faifansa ya zo, kowa ya zauna a kalla tare, domin babu wani. Na kalli yaƙin duniya na biyu fiye da yadda na taɓa nufa. Shi ma Malam ya san waƙoƙin da ba zai yarda ya sani ba a gaban abokansa.

Bayan la'asar Yaya ya kira daga Kano, can dare ya yi. Muka gaisa, ya ba ni labarin Maulidin da aka yi ran Laraba, sannan na ba shi nawa labarin. Ya yi dariya har da tari.

"Wai har yanzu a Amurka ana kallon faifai? Ke ƙanwata, mu nan mun wuce wurin. Yaro zai kai waya shago a tura masa fim goma ya dawo."

Na ce, "Yaya, ka manta lokacin da Umma ke aikenka shagon haya ka karɓo kaset, ka tsaya ƙwallo har a rufe?"

Ya ce bai manta ba, har da dukan da ya sha ranar da zaren kaset ya naɗe a cikin bidiyo. Muka tuna mai shagon unguwarmu da littafinsa mai dogon layi. Ba ya tambayar katin shaida. Ya san gidanku, ya san mahaifinku, in kaset ya kwana biyu zai aiko yaronsa ya yi sallama a zaure.

Da muka ajiye waya na zauna ina juya abin. Mai shagonmu ya ba da aro ne don ya san fuska. Waɗannan kuwa ba su taɓa ganin Baba ba, ba su taɓa ganina ba. Sun ɗauki kayansu sun saka a takarda sun miƙa wa gidan waya, faifai sama da biliyan 5 a tsawon shekarun nan bisa lissafinsu, kuma yawanci ya je ya dawo. Ana yawan yaba wa Reed Hastings da Marc Randolph da suka kafa kamfanin a 1997, har ana ba da labarin yadda suka fara gwaji da aika faifan waƙa ta gidan waya a garin Santa Cruz don su ga ko zai isa bai fashe ba. Dabara ce, ba musu. Amma a ganina wanda ya ɗauki nauyin harkar a kansa shi ne ma'aikacin gidan wayan nan mai farar mota da sitiyari a dama, wanda ke tsayawa a kowace ƙofa kwana shida a mako, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. In babu lambar gida da sunan titi da akwatin da za a bar kaya a bakin hanya a dawo a same shi, dabarar ba ta zuwa ko'ina. Mu da muka tashi wasiƙa sai ta akwatin gidan waya na makaranta ko na ofishin wani kawu, mun san bambancin.

Malam ya dawo daf da magariba. Shi mutum ne mai son lissafi, ba ya ganin abin tausayi a nan. Ya ce kamfanin da ya kashe wasu ne ya kashe ɗansa da hannunsa. Ɗan shi ne harkar faifai, wasun kuma yana nufin Blockbuster, masu shagunan haya da a da suke ko'ina a ƙasar nan, waɗanda suka durƙushe a 2010, har yanzu saura shago ɗaya tak a garin Bend na jihar Oregon. Ya tuna min da 2011, lokacin da Netflix ya raba kuɗin faifai da na intanet, abin da ake biya dala 9.99 ya koma 15.98 ga mai son duka biyun, har suka ce za su sauya wa ɓangaren faifai suna zuwa Qwikster. Mutane suka yi ca, cikin wata uku masu biya kusan 800,000 suka fice, kamfanin ya janye maganar sabon sunan cikin 'yan makonni. Malam ya ce tun ranar ya san faifai kwanansa ƙirgagge ne, abin mamaki ma shi ne da ya ƙara shekara 12.

Gaskiyarsa ce. Amma shi ɗin ne dai ya je ya sa sunanmu a watan Agusta, da suka ce masu so su yi rajista ko a dace a aiko musu da ƙarin faifai har goma na sallama. Da na tuna masa sai ya ce ai kyauta ce, wa ke ƙin kyauta.

Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da aka aiko min da ita tun bazara, ta kusa ƙarewa. Bayan isha na ce kowa ya ajiye waya. Auta ta tambaya, "Umma, wai dole ne?" Na ce dole ne. Faifan nawa ne, domin layina ne ya zagayo, tsohon fim ɗin Indiya mai awa uku. Babban ya yi ta tsaki a rabin awar farko, yana cewa ko jariri ya san waɗannan biyun 'yan uwa ne da aka raba tun suna ƙanana. Da aka zo wurin da uwar ta gane ɗanta, na waiga na ga ya daina taɓa aljihu. Auta ta yi barci a cinyata kafin a kai rabi. Malam ya ce shi jarida yake karantawa, amma shafi ɗaya ya riƙe har aka gama.

Mun sauke jerin duk abin da muka taɓa haya, kamfanin ya ba da damar haka kafin ya rufe shafin. Da na waɗanda ba mu kai gare su ba, kuma suna da yawa. Laburaren garin nan yana ba da aron DVD kyauta ga mai kati, don haka ran Litinin in na tashi daga aiki zan biya in ga nawa ne daga ciki suke da su, in kuma tambaya yadda ake yi wa wanda ba ya iya zuwa da kansa, saboda Baba. Namu faifan ban yanke shawara ba tukuna. Malam ya ce a riƙe, ni kuma tun da na ga tsohon nan yana manne ambulan ɗinsa nake jin nauyin abin. Gobe akwai taron 1 ga Oktoba na 'yan Najeriya, kuma ni aka ɗora wa zoɓo, ga shi ko jiƙa shi ban yi ba.