Tsakanin dandamali da kyamara

Na fara wasan kwaikwayo a dandamali tun kafin in taɓa tsayawa gaban kyamara, kuma har yau idan 'yan mata masu tasowa suka tambaye ni wanne ya fi wuya, nakan ce kowanne da irin wahalarsa. A dandamali, da an buɗe labule wasa ya dawo hannunki. Darakta ya gama nasa tun a makonnin gwaji, yanzu yana can baya ya harɗe hannu, ba shi da ikon tsayar da ke. Ke za ki ƙara wa shiru tsawo in kin ji 'yan kallo sun nutsu, ke za ki jira dariya ta lafa kafin ki jefa magana ta gaba. A fim kuwa guntu-guntu kike miƙawa, kamar mai kai wa tela yadi, sai an ɗinka za ki ga abin da ya fito.

Murya ce abin da aka fara gyara mini. Akwai wata dattijuwar 'yar wasa da takan zauna a kujerar ƙarshe ta zaure lokacin gwaji. Da na buɗe baki sai ta ɗaga hannu: "'Yata, ban ji ba. Wanda zai zauna nan ma kuɗinsa ya biya." In na ƙara ƙarfi kuma ta ce, "Wannan ihu ne." Ta sa na ɗora tafin hannu a cikina, in ja numfashi har hannun ya taso, in fito da magana daga can ƙasa in bar maƙogwaro ya huta. Ta kuma hana ni haɗiye ƙarshen kalmomi kamar yadda muke yi a hira. A manyan gidajen wasa na Landan da New York sau 8 ake fitowa a mako, don haka mai magana da maƙoshi ba za ta yi nisa ba muryarta za ta dushe.

Maimaici shi ne babbar jarrabawa. Wasa ɗaya, kalmomi ɗaya, dare bayan dare, har magana ta fara mutuwa a baki. Abin da ya cece ni shi ne hanyar Konstantin Stanislavski, darakta ɗan Rasha, wanda shi da Vladimir Nemirovich-Danchenko suka kafa wani shahararren gidan wasa a Mosko a 1898. Na daina tambayar kaina me matar da nake fitowa a matsayinta take ji, na koma tambayar me take nema a wurin wanda ke gabanta a wannan fitowar. A gefen takardata nakan rubuta da fensir: tana so ya zauna, tana so ya ji kunya, tana so ya fara ba da haƙuri. In kina da abin nema, dole ki saurari abokin wasanki don ki san ko kin samu, kuma ba ya taɓa faɗin maganarsa iri ɗaya sak a dare biyu. Hawaye ma ta nan suke zuwa. Wadda ta shiga fitowa da niyyar yin kuka, 'yan kallo matsawar kawai suke gani.

Da na koma gaban kyamara, rabin abin da na ƙware a kai ya yi yawa. Idan aka matso har fuskarki ta cika allo, ɗaga gira ɗaya ya kai ɗaga hannu biyu a dandamali. Makirfo na rataye a saman kanki ko yana maƙale a riga, yana jin har haɗiyar yawu. Wani darakta ya taɓa zuwa kusa da ni ya ce a hankali, "Anti, ki yi tunanin kawai, kyamara za ta gani." Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin tsoho ne. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, wani mai shirya fim, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mata. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga alhini, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Wato mai tace fim yana da rabo a cikin wasanki, ko kin so ko kin ƙi. Sau da yawa ɗaukar da na fi so ba ita ake zaɓa ba, don haske ya fi kyau a wata ɗaukar, ko abokin wasana ya fi daidai a can. Akwai fitowar da na ba wa zuciyata duka, aka cire ta ɗungurungum saboda fim ya yi tsawo. Wannan yana da ciwo, kuma ba a sabawa da shi.

Sannan ba a bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Lokeshan ake bi, da ranakun da kowane ɗan wasa yake da sarari. Kina iya yin kukan mutuwar miji da safe, da yamma ki haɗu da shi karon farko. Shi ya sa nake zana wa kaina taswira kafin a fara ɗauka: a kowace fitowa, me matar ta sani, me ba ta sani ba tukuna, daga ina ta fito yanzun nan. Ga kuma ƙananan abubuwan da ba wanda yake tafa miki a kansu. Tef ɗin da aka manna a ƙasa, dole ƙafarki ta tsaya a kansa ba tare da kin kalli ƙasa ba, in ba haka ba hoto ya yi dishi-dishi. Kofin da kika ɗaga da hannun dama a kan kalma kaza, haka za ki ɗaga shi a kowace ɗauka, don mai kula da kwantiniti yana nan da takardarsa. Shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo, kuma ana iya wuni a kan 'yan shafuka. Mafi yawan wunin jira ne, sai a kira ki a ce yanzu-yanzu, rana za ta faɗi.

Abu ɗaya da nake auna 'yan wasa da shi: idan an juya kyamara kan abokin wasa, ba a ganinki, kina tsayawa ki ba shi maganarki da gaske, ko kina tafiya hutu a bar shi yana furta soyayya ga wani mataimaki mai riƙe da takarda? Ni ina tsayawa. Ranar da aka juyo kaina, idon da zan kalla shi ne rabin wasana.

Shekaru kuma suna zuwa wa mace da wuri a sana'ar nan. Yau budurwa, gobe uwa, jibi kaka, wani lokaci ma uwar ɗan wasan da kuke sa'anni. Tsakanin aiki da aiki waya takan yi shiru na watanni, don haka na koyi karanta yarjejeniya layi-layi kafin in sa hannu, na koyi ajiya lokacin da ake samu. Amma ban yarda cewa ƙofa rufewa take yi ba. A Ingila sai a 1660 mata suka fara hawa dandamali a matsayin sana'a, kafin nan yara maza ne suke fitowa a mata. Sarah Bernhardt ta Faransa an yanke mata ƙafa a 1915, ta ci gaba da wasa har kusan rasuwarta a 1923. Judi Dench ta Ingila, wadda ta fara a gidan wasa na Old Vic a 1957, ta ci lambar yabon fim ta Oscar a 1999 da fitowar da ba ta wuce kimanin minti 8 ba. A 2012 ta bayyana cewa idonta ya yi rauni, har sai an riƙa karanta mata sikirif tana haddacewa da ka.

Daga ita na ari dabarar da nake amfani da ita yanzu. Nakan naɗi maganganun abokan wasana a waya, in bar gurbin nawa a buɗe, in riƙa cikewa ina tafiya ko ina aikin hannu. Hadda ta kunne ta fi zama mini, kuma tana sa in iso gwaji na riga na saba jiran maganar wani kafin in yi tawa.