Dukanci a bakin kogin Vienne

Saint-Junien ƙaramin gari ne a yankin Limousin na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 30 yamma da birnin Limoges, mutanensa sun ɗan haura dubu 11. Kogin Vienne ya bi ta gindin garin, wani ƙaramin kogi mai suna Glane kuma ya gangaro ya zuba a cikinsa. A nan nake da shago, ni da ma'aikata biyu: wata dattijuwa 'yar garin da ke kan keken ɗinki, wadda nake kira Madam, da wani yaro da ke koyon yanka. Safar hannu ta fata muke yi, sai walat da ɗamara, muna kuma karɓar gyara. Gidanmu a Damagaram dukawa ne, da basilla na tashi a hannu, amma safar hannu a nan na koye ta, da girmana.

Ruwa ne ya kafa sana'ar fata a garin nan. Ƙasar Limousin dutse ce mai tauri, ruwan da ke fitowa daga cikinta ba shi da nauyin farar ƙasa, saboda haka yana wanke fata ba tare da ya ƙandarar da ita ba. Ga tumaki da awaki a ƙauyukan kewaye. Tun ɗaruruwan shekaru majema suka jera wuraren jimarsu a bakin kogunan biyu, masu safar hannu suka zauna a saman gari suna jiran fata. Har yau in ka tsaya kan tsohuwar gadar Notre-Dame, wadda aka gina tun ƙarni na 13, za ka hango dogayen gine-gine masu tagogin katako a bene na sama, inda iska ke shiga ta busar da fatun da aka rataye. Yawancinsu babu kowa a ciki yanzu.

Jimarsu ta gargajiya ta ba ni mamaki da na fara jin yadda take. Mu da bagaruwa muke jima, mu rina da karan dafi, fata ta fito ja, mai ƙarfi, ta dace da jaka da linzami da kube. Su kuwa, bayan an jiƙa fatar ɗan rago, an cire gashi da farar ƙasa, an kankare nama, sai a cuɗa ta da alif da gishiri da garin alkama da gwaiduwar ƙwai. Ƙwan da za a soya wa yara, shi ake ba fata ta sha! To amma abin da ke fitowa fara ce sol, mai laushi, tana miƙewa in an ja ta, ta kuma tsaya inda aka ajiye ta. Fatar bagaruwa ba ta yin haka, shi ya sa ba a safar hannu mai kyau da ita. Yanzu mafi yawan fatun da nake saye da sinadarin zamani aka jeme su, amma abin da ake nema a jikinsu bai sake ba. Tsofaffin majeman nan kuwa sun san jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, suna yaba ƙanƙantar ƙwayar fatarta, don an daɗe ana kawo ta Turai.

Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗinki ne wahalar safar hannu. Yanka ne. Mai yanka yana fara naɗe fata a cikin danshin zane har ta saki jiki. Sannan ya ɗora ta a bakin tebur ya yi ta ja, ta tsawo, ta faɗi, yana duba tabon ƙaya da cizon kaska da inda wuƙar mahauci ta zame, yana lissafin hannu nawa zai fitar ba tare da tabo ya faɗo a bayan hannu ba. Sirrin shi ne a cinye duk miƙewar fatar ta tsawo, a bar mata ta faɗi. In aka yi daidai, safar za ta buɗe lokacin da mai ita ya dunƙule hannu, ta koma yadda take in ya saki, yatsu kuma ba za su yi ta tsawo suna reto ba bayan sanyi ɗaya. Wannan ba a karanta shi a takarda, yatsu ne ke ji. Yaron da ke wurina ya fi shekara yana jan fata, har yanzu ban sakar masa mai tsada shi kaɗai ba, shi ma bai nema ba.

Bayan ja sai a ɗora fatar a kan wani ƙarfe mai siffar hannu, mai kaifi a gefe, a danna, ya fitar da yatsu a lokaci guda. Wani mutumin Grenoble, Xavier Jouvin, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830, daga nan ne safar hannu ta samu lamba kamar takalmi. Babban yatsa daban ake yanka shi, haka ma 'yan siraran fatun da ke shiga tsakanin yatsu. Madam ta haɗa su a keke ko da hannu, a sa shafi na siliki ko ulu, daga ƙarshe a zura safar a wani hannun ƙarfe mai zafi, ya goge ta ta miƙe.

Madam ta ce a ƙuruciyarta kusan kowane gida akwai keke a bakin taga. Maza na wuraren jima da teburin yanka, mata na ɗinki a gida, ana biyansu a kan dozin. Kuɗin kaɗan ne, yajin aiki kuwa ba ya ƙarewa, har garin ya yi suna da jan ra'ayin 'yan gurguzu; akwai dandali mai sunan Lenin a cikinsa. A 1919 ma'aikata suka haɗa kai suka kafa masana'antar safar hannu tasu ta kansu, wadda Hermès, kamfanin kayan alatu na Faransa, ya saya a 1998. Gidan safar hannu na Agnelle, da aka kafa a 1937, shi ma yana nan yana aiki. Sauran da yawa sun rufe tun daga shekarun 1960, lokacin da matan Turai suka daina sa safar hannu don zuwa coci ko biki, kayan Asiya masu araha kuma suka cika kasuwa.

Gaskiya da sunan garin nake cin abinci. Baƙon da ya zo daga nesa ya riga ya yarda cewa safar Saint-Junien mai kyau ce kafin ya taka ƙofata, ba kuma ni na gina wannan yardar ba. Abin da nake iya yi shi ne kada in zubar da ita. Don haka ba na sayo ɗinkakku daga waje in manna musu sunan gari, ko da yake ribar ta fi, kuma na ga masu yi a kasuwannin baƙi.

Ciniki na bin sanyi: daga Oktoba zuwa Kirsimeti ba ma numfashi, bazara kuma sai gyara da walat daga ragowar fata. Masu yawon buɗe ido na taimakawa. Wasu na zuwa ganin babbar cocin garin da kabarin waliyyin da garin ya ci sunansa, wani mai kaɗaita kansa don ibada a ƙarni na 6. Wasu kuma daga Oradour-sur-Glane suke biyowa, ƙauyen da ke kusa, inda sojojin Jamus suka kashe mutum sama da 640 ranar 10 ga Yunin 1944. Waɗannan ba sa yawan magana, ni ma ba na tallata musu kaya. Duk shekara bakwai kuma akwai babban bikin zagayawa da ƙasusuwan waliyyai da kayansu da ake adanawa a coci, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2013. Ana lulluɓe titi da rassan itatuwa ya koma daji, gari ya cika maƙil. An yi a 2023, na gaba sai 2030.

Abin da ya fi damuna kafin lokacin shi ne mai ɗinki. Madam ta kusa ritaya, idonta ya fara gajiya da baƙin zare, matasan da suka koyi aikin kuwa manyan kamfanoni ke ɗauke su da albashin da ba zan iya biya ba. Mun yi da ita za ta riƙa zuwa kwana biyu a mako bayan ta ajiye aiki, ta zaunar da yaron a keke da rana, da safe ya ci gaba da jan fata a wurina.