Koren fenti ya tsayar da mu kafin Hawan Kibo

Fenti ne ya hana motar da muka fi ji da ita shiga filin baje kolin tsofaffin motoci a Jos a daminar nan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A ƙungiyarmu ta masu son tsofaffin motocin soja a Abuja, yawanci Land Rover Series III muke da ita, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Amma Pinzgauer 710 ta dattijonmu ita ce amarya. Ƙirar Steyr ce ta Ostiriya, kamfanin nan da aka san shi da harhaɗa manyan motoci a Bauchi. Iska ke sanyaya injinta, babu lagireto balle ta tafasa a hawa. Da yake ta Keffi da Akwanga za mu bi, hankalinmu duk ya tafi kan birki da kafireto saboda Hawan Kibo. Mai fenti kuma ya ce a mayar da ita kore irin na soja, 'yan kallo su gan ta yadda take a da. Kowa ya yaba, aka biya shi.

A wani shingen sojoji kafin hawan aka ce mu sauka gefe.

"Baba, wannan ta wace bataliya ce?"

"Tawa ce, yallaɓai. A gwanjo na saya, ga takardu."

"Takardunka lafiya lau, Baba. Kalar ce ba taka ba."

Ashe tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai koren soja. Ba zan ga laifin sojan ba. A jihar Filato, da halin tsaron da ake ciki, wa zai bar irin wannan mota ta wuce da mutanen da bai sani ba? Bai zage mu ba, bai nemi ko sisi ba. Muka yi ta jira har babbansu ya zo, ya ce ba za ta sake taka kwalta da wannan kala ba. Sai babbar mota muka ɗauko haya, aka ɗora ta, aka lulluɓe da tamfol, ta koma Abuja da mai ita.

Mu da muka isa, ruwan Agusta ya mai da filin taɓo. Land Rover ɗinmu suka yi ta fizgo ƙananan motocin da suka maƙale, ka ja jar libar nan baya kawai ta shiga ƙaramar giya. Wani tsohon soja ya daɗe yana shafa sitiyarin tawa, ya ce da irinta ya koyi tuƙi. Na ji daɗi ƙwarai. To amma duk wanda ya zo sai ya tambayi Pinzgauer, mai kama da akwatin nan da ya gani a hotonmu, ni kuwa in rasa ta cewa.

Duk mai irin wannan mota, ya bincika kafin mai fenti ya haɗa kala. Ruwan ƙasa ko fari ko shuɗi sun isa. A goge tsohuwar lambar soja da tambarin runduna, kada kowa ya sa kaki mai dabbare-dabbare wai don hoto, takardar gwanjo kuma ta asali a riƙe, ban da kwafi. Pinzgauer tana gareji yanzu ana kankare ta, mai fentin nan kuma ya ce sai an sake biyansa cikakken kuɗi.