Yadda na gina sauna a gidana a ƙasar Finlan

Batun sutura ne ya sa na gina sauna tawa, wato ɗakin wankan zafi da tururi, bayan na shekara huɗu a wajen garin Tampere. A Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba amma ake ƙiyasta tana da sauna kusan miliyan uku, da wuya mutum ya zauna da jama'a lafiya ya ce zai kauce wa wannan ɗakin zafi. Abokan aiki sun kai ni Rajaportti, saunar jama'a da take aiki tun 1906, na kuwa ji yadda jikina ya saki a tsakiyar hunturu. Sai dai al'adarsu ita ce a shiga babu tufafi, maza daban mata daban, ni kuma addinina da tarbiyyata ba su bar ni na sake ba ko da na ɗaura tawul. Da muka sayi tsohon gida wanda saunarsa ta tsakar gida ta riga ta ruɓe, sai ni da maiɗakina muka amince a mai da ɗan ɗakin ajiya da ke jikin banɗaki ya zama sauna.

Ɗakin mita biyu ne tsawo, mita biyu faɗi, daga ƙasa zuwa silin kuma mita 2.2, wato kusan mita kubik tara. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kilowat ɗaya ga kowane mita kubik, a ƙara kaɗan idan akwai ƙofar gilashi domin gilashi yana zubar da zafi, saboda haka na sayi murhun lantarki mai kilowat 9, irin wanda ake jera duwatsu a kansa. Haɗa wutarsa na bar wa ma'aikacin lantarki mai lasisi, domin doka ba ta yarda wani ya yi ba, haka nan simintin ƙasa da magudanar ruwa na ba ƙwararre.

Aikin bango ni na yi shi da hannuna, kuma shi ya fi cin lokaci. Da farko ana cusa audugar da ke riƙe zafi a tsakanin katakan bango, sannan a lulluɓe ta da takardar alminiyam, a liƙe duk mahaɗa da tef na alminiyam yadda tururi ba zai sami kafar shiga ba, domin idan ya shiga zai ruɓar da bangon daga ciki ba tare da an sani ba. Bayan haka a bar tazarar kamar santimita biyu don iska ta riƙa zagayawa, kafin a buga katakon da ido zai gani. Wajen zaɓen katakon benci na tarar da abin da ya ba ni mamaki: itacen da suke kira abachi, wanda ake so saboda ba ya ƙona fata kuma ba ya fitar da ƙaro, shi ne obeche na dazukan kudancin Najeriya, wanda mutanen Gana ke kira wawa. Da shi na yi bencina, na ɗaure sukurorin ta ƙasa, domin kan ƙusa ɗaya a fili ya isa ya ƙona mutum a zafin digiri 80.

Ranar da muka fara kunna murhun, ma'aunin zafi ya nuna digiri 85, amma ƙafafuna suna sanyi, kaina yana nauyi, ban yi minti goma ba na fito. Na ɗauka murhun ne ya yi kaɗan, har na fara lissafin sayen babba. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi aikin kafinta kafin ya yi ritaya, ya shigo ya zauna bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya nuna mini kurakurai biyu. Na yi bencin ƙasa-ƙasa don tsoron kada yara su faɗo, alhali zafi sama yake taruwa, kuma ƙa'idarsu ita ce tafin ƙafar mai zama ya kasance daidai da saman duwatsun murhu ko ya ɗara. Na biyu kuwa, na toshe duk wata kafa ina ganin haka ne zai riƙe zafi, ban bar wa iska hanyar shiga da fita ba.

Gyaran ya ci mini mako uku da kuɗin da ban tanada ba. Na ɗaga bencin sama har ya rage kamar santimita 115 tsakaninsa da silin, na ƙara matakala da makari saboda yara, na buɗe kafar shigar iska a saman murhu, na sa ta fita mai fanka a ƙarƙashin benci ta ɗaya ɓangaren. Duwatsun ma na sake jera su sakwa-sakwa, domin na cunkusa su har iska ba ta ratsa su. Da a takarda na fara tsara iska da tsayin benci kafin in je kanti, da ban ɓalle katako ko ɗaya ba.

Sai bayan wannan gyara na fahimci abin da suke nufi da löyly, wato tururin da ke tashi idan an zuba ludayin ruwa a kan duwatsu. Yakan hau silin ya sauko a kafaɗa a hankali, numfashi kuma ba ya sarƙewa. Ya tuna mini da suracen da mahaifiyata take yi mana da ganyen darbejiya idan mura ta kama mu, a lulluɓe mu da bargo a kan tukunya, sai dai wancan magani ne na mara lafiya, wannan kuwa mai lafiya ke shigarsa duk mako. Yanzu kowace Asabar bayan sallar Isha muke kunna ta, maiɗakina da 'yarmu su fara shiga, ni da ɗana mu biyo baya da gajerun wandunanmu. Ƙofar saunar zuwa waje take buɗewa kuma ban sa mata makulli ba, kamar yadda dattijon ya jaddada mini, domin wanda jiri ya ɗiba ya iya tura ta da kafaɗa ya fita.