Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Jinina Ya Tona Min Asiri

A makon jiya na tsaya a inda idanuna suka koma ruwan ɗorawa. Inna ta ce shawara ce, aka dinga ɗura min jiƙon saiwoyi, ana sayo min rake. Kwana goma babu sauƙi, sai ma cikina da ya taso kamar na mai juna biyu, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ƙanena ne ya kafe sai an kai ni asibiti.

Likita ya tambaye ni ko ina shan giya. Matata na zaune a gefe, na ce masa a'a, har da rantsuwa. Har yau wannan rantsuwar tana ci min rai. Bai ja da ni ba, ya sa aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki.

Da sakamako ya fito, ya ce kowa ya ba mu wuri. Ya juyo min da takardar, yana bin layukan da bakin biro. "Malam, ka ga sinadaran hanta da muka auna a jininka: GGT ya hau sosai. AST ya ninka ALT sau biyu, irin yadda ake gani a hantar mai shan giya. Mun duba ciwon hanta na B da na C, babu ko ɗaya. Shekara nawa kana sha?"

Na sunkuyar da kai na ce 14. Tun ina yaron mota a hanyar Legas, daga burukutu na koma ogogoro, daga baya 'yan leda da ake sakawa a aljihu.

Sai ya nuna min CRP, wanda hanta ke fitarwa idan jiki na fama da kumburi a ciki. Nawa ya haura. Ya ce giya tana raunata bangon hanji, dafin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ya bi jini ya isa hanta, garkuwar jiki ta taso da yaƙi. Kullum ana sha, kullum ana wannan yaƙin, har tabo ya maye gurbin tsokar hanta. Hantata ta gaza yin sinadarin da ke riƙe ruwa a jijiya, jini kuma ba ya ratsa ta da sauƙi, shi ya sa ruwa ya taru a cikina, saifata ta kumbura. Duk shekarun nan ban taɓa jin ciwo a wajen ba.

Na ce daga yau na daina. Ya kalli hannuna da ke karkarwa ya ce kada in kuskura in yanke ni kaɗai a gida, jijjiga na iya kashe ni. Gado zai ba ni, da allurar bitamin B1.

Da na fito, matata na tsaye a bakin ƙofa da flas ɗin kunu. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. "Baban Abba, ni ce fa nake wanke maka kaya."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin darena na uku a gadon asibiti.