Kwanon da Nake Mayarwa Ba Raini Ba Ne

Ranar sunan ɗan ƙanina, watan jiya, aka ajiye mini faranti shaƙe da dambun shinkafa. Zogale ya yi masa kore shar, ga gyaɗa an barbaɗa, mai sai ƙyalli yake. Gwaggona ce da kanta ta kawo. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba." Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, har yanzu cikin ne? To ai zogale magani ne." Na ce mata gaskiya ne, yana yi wa mutane da yawa amfani, amma ni in na ci shi yau, gobe ba zan shiga aji ba. Ta ɗauke farantin ranta ba daɗi. Can an jima sai ga yarinya ta aiko da farar shinkafa da romon kaza.

Shekara biyar ke nan ina mayar da kwano a gidajen mutane saboda wani ciwon hanji da ake kira cutar Crohn, kuma har yau abin yana yi mini nauyi. A wajenmu wanda ya ƙi abincinka kamar ya ƙi ka ne.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. A 2018 abin ya fara: gudawa sau biyar, sau shida a rana, da murɗa a gefen dama can ƙasan cibiya, da zazzaɓin da ba ya zafi sosai amma ba ya tafiya. Daga kilo 68 na dawo 54. Na sha maganin taifot har ban san adadi ba. Aka ce olsa ce. A gida aka ce basir ne, wasu suka ce ɗan kanoma, Hajiyarmu ta jiƙa mini saiwoyi a robar da har yanzu nake tuna ɗacinta. Daga baya wani likita ya ɗora ni a kan maganin tarin fuka na wata shida, don yana zaton tarin fukan hanji ne. A lokacin na ji haushinsa da na ga babu sauƙi, amma yanzu na fahimta: cututtukan biyu suna kama da juna ƙwarai, har a hoto, kuma a ƙasarmu tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sai a 2020 aka zura mini kyamara ta dubura aka leƙa hanjin, aka ɗan gutsuro nama aka kai ɗakin gwaji. Ranar na fara jin sunan cutar Crohn.

Sunan wani likitan Amurka ne, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a 1932. Garkuwar jikin mutum ce ke tayar da kumburi a hanyar abinci. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, inda yake haɗuwa da babba, kuma nan tawa take. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba a kuma warkewa gaba ɗaya. Tana tashi, tana lafawa. In ta daɗe tana kumbura waje ɗaya, bangon hanjin sai ya yi kauri, hanyar ta ƙuntata. Wannan ƙuncin shi ne asalin rigimata da zogale.

Likitan da ke duba ni yanzu ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina. Na ɗauko irin littafin da ɗalibaina ke aikin gida a ciki, na ja layi huɗu: lokaci, abin da na ci, sau nawa na zaga, da ƙarfin ciwo daga 1 zuwa 10. Wata uku ina yi kafin abubuwa su fara bayyana, kuma wasu sun ba ni mamaki. Yajin da nake tsoro, ɗan kaɗan ba ya yi mini komai. Amma shayi da madarar gari, wanda nake ganin shi ne abincin marar lafiya, kafin awa biyu cikina ya ɗauki ƙugi. Kindirmo kuwa lafiya lau nake shan sa, saboda tsamin da ya yi ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar da ke wahalar da ni.

Babban darasin kuwa ba a littafi na same shi ba. Damina ce, ina dawowa daga makaranta, ƙamshin gasasshiyar masara ya tare ni a bakin titi. Na sayi biyu na cinye kafin in isa gida. Bayan isha'i cikina ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ciwon yana zuwa yana sakewa, ko iska ba ta fita. Wajen ƙarfe biyu na dare na fara amai kore. Matata ta buga wa maƙwabcinmu ƙofa ya kai mu asibiti a motarsa. Kwana uku na yi da roba ta hanci tana zuƙo abin da ke ciki, ana ƙara mini ruwa, ko ɗigon ruwa ba a bari na haɗiya ba. Allah Ya taimake ni hanyar ta buɗe ba a kai ga tiyata ba. Tun daga ranar na yi sallama da masara, da gyaɗa, da aya, da gurjiya, da rake, da mangwaro mai zare, da kwaɗon zogale da na rama, da kilishi. Duk abin da haƙori ba ya mayar da shi laushi tubus, ba na kai shi ciki.

Nauyin wannan sauyi a kan matata ya faɗa, kuma ita ta gano yawancin dabarun. Wake da shinkafa ba ya yi mini, amma in ta surfa waken ta wanke ƙowar tas ta yi alala, ina ci in kwana lafiya. Tumatir sai ta markaɗa ta tace a rariya, ƴaƴan da ɓawon su tsaya a sama. Kuka takan tankaɗe ta sau biyu. Kabewa a miyar taushe sai ta narke, ganyen kuma ta raba tukunya, nata da yara daban. Furar kasuwa na daina. Ita take yi mini da geron da aka surfa sosai, ba barkono, citta ƴar kaɗan. Abin da ya zama abincina na kullum shi ne tuwon shinkafa mai laushi, faten dankalin turawa, dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza, ayaba, gwanda da koko. Ba na cika ciki. Sau biyar ko shida nake ci a rana, kaɗan-kaɗan, shi ya sa kullum akwai ƴar kula a jakata, kuma abokan aikina sun saba ganina ina ci a tsakanin darasi.

Ina roƙon mai karatu kada ya kwafi jerin nan ya ce shi ne na mai cutar Crohn. Wanda hanjinsa bai ƙuntata ba, ganye da kayan marmari alheri ne a gare shi, hana kansa su ma cutarwa ce. Na taɓa matsa wa kaina har na koma koko da farar shinkafa kawai, jinina ya yi ƙasa, ina hawa bene ina haki. Gwaji ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe da na bitamin B12. Shi B12 daidai wurin da cutar ta kama ni ne jiki ke tsotse shi, don haka allura ake yi mini.

Kuskurena mafi girma a 2022 na tafka shi. Na samu wata takwas lafiya, nauyina ya dawo 63, sai na ce ai abincin ne ke aiki, me zai sa in ci gaba da kashe kuɗi a kan azathioprine, maganin da nake sha don danne kumburin, da gwajin jinin da ake yi saboda shi? Na daina sha ban gaya wa kowa ba. Bayan wata huɗu ciwon ya dawo da ƙarfinsa, alhali ko ƙwayar gyaɗa ban ci ba. Aka mayar da ni kan prednisolone, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, fuskata ta kumbura, barci ya ƙaurace mini. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malam, zaɓen abinci yana rage maka wahala, yana kuma hana hanyar toshewa. Amma kumburin da ke cikin bangon hanji yana iya ci gaba kana jin kanka garau." Ya ƙara da cewa akwai abincin ruwa na musamman da ake ɗora mutum a kansa shi kaɗai na mako shida zuwa takwas, musamman yara, kuma yana kwantar da kumburin, amma wannan magani ne da likita ke tsarawa, ba irin zaɓen tuwon da nake yi a gida ba.

Akwai abu biyu da suka fi duk wani abinci muhimmanci, kuma ba kasafai ake faɗa ba. Na farko taba. Ina sha a ɓoye tun ina jami'a, kuma an tabbatar tana ƙara tsananin wannan cuta da yawan komawa tiyata. Barinta ya fi barin tsire wuya, amma na bari. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mai kemis ke haɗa wa mutum a ƴar leda ba tare da ya faɗi sunansu ba. Suna iya tayar da ciwon. Yanzu ba na karɓar haɗi. In kaina na ciwo, paracetamol kawai.

In gudawa ta matsa, nakan haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, in yi ta kurɓa. Lokacin gyaran takardun jarrabawa, da nake raba dare, cikina ne ke fara sanar da ni, don haka yanzu ƙarfe goma na ajiye jan biro. Bayan asuba nakan taka na rabin awa.

Azumin 2021 ban yi shi ba. Na yi kuka a ɗaki ranar farko. Limamin unguwarmu ya zaunar da ni ya karanto mini ayar Baƙara da ta ba marar lafiya damar ya rama a wasu kwanaki, na rama da sanyi, ɗaya-ɗaya. Bana na yi shawara da likita tun Sha'aban, ya gyara mini lokutan magani, na samu ashirin da shida. Da kunu da dabinon da aka ɓare wa fata nake buɗe baki, ƙosai da soye-soye na yara ne.

Littafin da nake ciki yanzu shi ne na tara. A makon nan muna gwada alayyafo: an dafa shi ya yi laushi, an markaɗa, cokali biyu a cikin miya. Yau kwana uku, layin ciwo yana kan 1. Na kira Gwaggo na gaya mata, ta ce in ya karɓe ni, ita za ta daka mini garin zogale ta tankaɗe da hannunta, mu gwada shi ma. Na ce sai na tambayi likita ranar Talata.