Dankalin da ya warware min zane

Ƙanina da ke karatun injiniya a Hassan Usman Poli ya kawo min wani zane jiya bayan Magariba, wai Yaya abu ɗaya ne fa, ta sama da'ira, ta gaba murabba'i, ta gefe kusurwa uku. Na zana na goge har takarda ta huje wallahi.

Da safe na samo ƙaton dankali na fere shi kamar gwangwanin madara, tsayinsa daidai da faɗinsa, nan ne sirrin don in ya fi tsayi murabba'in ya tashi aiki, sannan na zaftare gefe biyu daga tsakiyar sama zuwa bakin ƙasa ya koma kamar bakin gatari. Na haska shi da tocilan waya, inuwa ukun nan suka fito cif!

Yana kan taga har ya fara baƙi, na hana kowa ya taɓa.